Takardar da ke Ƙarƙashin Ƙafar Tsohuwa

Duk wanda ya san Kawu Lasau ya san ba ya yarda da takarda sai ya ɗanɗana ta. Ka miƙa masa katin gayyata, kafin ya duba ko auren wa ake yi, kusurwar katin ta riga ta gaisa da harshensa. Takardar asibiti, takardar wuta, sakamakon jarrabawar 'ya'yansa, babu wadda ta tsira. Masu bakin tsiya sun rantse cewa ranar da aka miƙa masa takardar ajiye aiki sai da ya lashe ta, ya lumshe ido, sannan ya ce, "Shekara talatin da takwas, a rasa takardar da za a sallame ni da ita sai wannan? Ko yawu ba ta iya riƙewa."

Mai yankan takarda ne a wata madaba'a da ke bayan layin masu gyaran agogo, wani dogon ɗaki mai taga ɗaya can sama, mai warin tawada da kananzir. Ya shiga yana saurayi mai share ragowar takarda, ya fita da furfura har a gira. Duk tsawon shekarun nan a gaban abu ɗaya ya tsaya: injin yanka, wanda ma'aikata ke kira Tsohuwa. Ta girmi kowa a wurin. Baƙin ƙarfe ce zalla, ga ƙafa huɗu kamar ginshiƙai, ga wuƙa mai tsawon mutum a kwance, ga dogon hannu da ake ja da ƙarfin damtse. Inna, matar Kawu, surukarta take ce mata, wai tunda ita ce mai iko da mijinta, ita ke cewa ya fita, ita ke cewa ya dawo.

A shekararsa ta tara Tsohuwa ta ɗauke masa yatsu biyu na hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Wani da tuni ya gudu ya koma sayar da lemo. Kawu kuwa mako biyu ya yi ya dawo da hannu a naɗe, ya shafa mata mai, ya ce laifinsa ne, shi ya tsaya hira da wani alhali tana yi masa magana. Har gobe in zancen ya taso sai ya ɗaga hannun yana washe baki. "Ku dubi yanka. Likita da kansa ya ce bai taɓa ganin miƙaƙƙe irinsa ba."

Maganar lasa kuwa, yana da hujjarsa. Ya ce yatsa maƙaryaci ne, ido kuma ɗan'uwansa ne, amma harshe ba ya rufa wa takarda asiri. Akwai wani abu kamar sitaci da ake sa wa takarda tun wurin yin ta. In ya yi kaɗan ko ya mutu, harshe zai manne, ka san wannan mashayiya ce, duk abin da ka zuba mata za ta zuƙe. In ya yi yawa harshe zai zame, wannan kuma mai girman kai ce, ba ta karɓar komai daga kowa. Ta kirki ita ce wadda za ta riƙe ka kaɗan ta sake ka, kamar gaisuwar mutumin arziki.

Abu ɗaya ne ba a faɗa a gabansa in ana son zaman lafiya, kuma shi ne kowa ya fi son faɗa a bayansa. Wata rana, shekara ashirin da huɗu ke nan, wata mata mai zanen tsirrai, irin masu zana ganye da fure don littattafan makaranta, ta kawo ƙunshin takardar zane mai kauri, ta auduga zalla. Ta ce a raba mata biyu. Rabawa kawai. Kawu ya buɗe, ya ga gefen kowane falle ya yi gashi-gashi kamar ɓera ya kwana yana gaigaya. Zuciyarsa ta ƙi. Ya raba, sannan don kyautatawa ya bi gefe huɗun nan ya aske su tsaf, ya jera, ya koma gefe yana jiran godiya.

Matar ta dawo, ta gani, ta ɗora hannu a ka. Ashe wannan gefen mai gashi shi ne shaidar cewa da hannu aka yi takardar, shi masu zane ke alfahari da shi. Ta yi masa tatas, an ce har masu agogo sai da suka ajiye aiki suka leƙo. Ta tafi ta bar takardar a nan. Tsohon mai madaba'ar, mutum ne mai mugun wasa, ya naɗe ƙunshin cikin leda, ya tara ƙarti aka ɗaga Tsohuwa, wadda dama ƙafarta ɗaya ta baya ba ta kai ƙasa sosai, ya cusa ƙunshin a ƙarƙashi.

"Kullum ka zo aiki," in ji shi, "ka fara gaida gwanintarka."

Tsohuwa ta daina girgiɗi tun daga ranar. Kawu kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya, ko a mafarki.

Da ya ajiye aiki sai hannuwan suka fara ƙagewa don rashin abin yi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, ta sayo masa ɗan gwangwanin fentin ruwa mai gurabe goma sha biyu da burushi biyu, ta ce ya riƙa motsa yatsu. Ya ce shi ba ɗan aji ɗaya ba ne, ya tura gwangwanin ƙarƙashin gado. Bayan kwana uku aka kama shi a bayan ɗaki yana zana butar shayi. Daga nan ba a ƙara samun lafiya a gidan ba. Ya zana kyanwa, ya zana kwandon wanki, ya zana tayar keken maƙwabci, ya zana ƙafar Inna tana barcin rana, wadda ta ce in ƙafarta ce wannan to lallai a kai ta asibiti.

Hannun ya faɗa, gaskiya. Takarda ce ta ƙi. Ta littafin rubutu da ta ji ruwa sai ta yi tudu da kwari kamar hanyar da aka manta da ita. Bayan kalanda kuma sai fentin ya taru wuri ɗaya ya yi tafki. Kawu ya riƙa zaginsu ɗaya bayan ɗaya kamar yaran da ya raina suka ba shi kunya, amma tunda buta da kyanwa ba inda za su, sai ya haƙura.

Ranar wata Litinin wani tsohon abokin aikinsa ya biyo da labari. Magaji, ɗan tsohon mai madaba'a wanda ya gaji wurin, ya rufe harkar, zai mai da ɗakin kantin wayoyi. Ƙananan injuna sun sami masu so. Tsohuwa babu mai so, an sayar wa masu tsofaffin ƙarafa. Ranar Asabar za su zo su yayyanka ta.

Kawu ya jira har baƙon ya tafi. Sannan ya tashi ya ɗauko hularsa.

"Ina zuwa?" in ji Inna.

"Neman takarda. Zan zana ta kafin su taɓa ta."

"Wa? Surukata?"

"Sau ɗaya za a yi zanen nan, ba gyara, ba maimaici. Ba kuma zan ɗora ta a kan bayan kalanda ba."

Kanti ɗaya ne a garin mai sayar da kayan zane, irin mai ƙofar gilashi da sanyi kamar cikin firji. Mai kantin wata matashiya ce mai tabarau da fara'a, fara'ar da ba ta san kwananta ya ƙare ba. Kowace takarda tana cikin leda a rufe, amma akwai ɗan littafin gwaji ɗaure da zare a jikin kanta don mai saye ya taɓa ya ji.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga mai santsi, ga mai ɗan kaushi, ga mai kaushi sosai. Wacce kake so?"

"Wadda ba ta ƙarya."

Ta yi dariya. Ba ta rufe baki ba ya kai fallen farko bakinsa. Harshen ya manne, sai da ya ja.

"Wannan ta mutu. Kun ajiye ta inda zafi ke dukanta."

Ya buɗa na biyu, ya lasa, ya yamutsa fuska. "Wannan itace ce ta aro rigar auduga."

"Baba! Baba, mene ne haka? Mutane fa ke taɓa littafin nan!"

"Shi ya sa na ji gishiri-gishiri. Sakar min, 'yata, saura ɗaya."

Ba ta saki ba. Ita ja, shi ja, zare ya tsinke, tabarau ya faɗi, wata mata da ta shigo sayen fensir ta juya da gudu. Mai gadi ne ya raka Kawu waje da ladabi, hannu ɗaya a kafaɗarsa. Washegari aka ga sanarwa a ƙofar gilashin da manyan baƙaƙe: BA A LASAR KAYA. Da labari ya iso gida Kawu har wani gyara zama ya yi.

"Duk garin nan," ya ce wa Inna, "wa aka taɓa kafa wa doka shi kaɗai?"

Auta ba ta ga abin alfahari ba, don har wurin aikinta labarin ya kai, kuma kafin ya kai an ƙara masa gishiri, wai ya cinye rabin littafin. Ranar Alhamis ta zo da wani ƙunshi mai nauyi a jaka, ta dire a gabansa.

"Ga ta nan, Baba. Mai kauri, mai kyau, wadda ake buga hotuna a kai. Dubi ƙyalli. Don Allah ka bar shiga kantunan mutane."

Kawu ya zaro falle ɗaya. Fari fat, yana ɗaukar ido, har kana ganin fuskarka. Ya lasa. Inna ta ce harshen ya zame da gudun da ya kusa jawo shi ƙasa daga kujera. Ya tsoma burushi a ruwa ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ɗigon ya tsaya ƙuri kamar ƙwayar ido, ya gangara, ya faɗa kan siket ɗin Auta.

"Kin gani? Ko gaisawa ba su yi ba."

"To ga waya! Ka je ka ɗauke ta hoto, minti ɗaya an gama."

"Waya ta san nauyinta? Waya ta taɓa ba ta yatsa?"

"Ƙarfe ne fa, Baba. Ƙarfen da ya nakasa ka."

"Ƙarfen da ya kai ki makarantar jinya."

Auta ta mai da takardarta jaka tana ƙunƙuni. Inna tana gefe tana ninke wanki, kanta a sunkuye, da wannan muryar tata ta wadda ba ruwanta.

"Ni dai na san wata takarda. Ta auduga zalla. An ce har kuka ake yi a kanta."

"Kada ki fara."

"Ban fara komai ba. Na ce dai tana nan, ba wanda ya ci ta. Gefenta ma an gyara shi tsaf, wani gwani ne ya yi aikin."

"Na ce kada ki fara!"

"Auta, miƙo min zanen gadon nan."

Ranar Juma'a Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya wanke burushinsa sau uku. Ya fita tsakar gida ya dawo ya fi sau hamsin, har kyanwa ta gaji ta bar masa gidan. Abin da ke cin sa a fili yake: takardar da ta dace da Tsohuwa tana ƙarƙashin ƙafar Tsohuwa, ba mai iya ɗaga ta sai waɗanda za su zo kashe ta, kuma duk wanda ya gan shi durƙushe yana zaro ƙunshin nan ya san ya je roƙon abin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana cewa ba shi da wata daraja.

Asabar da hantsi masu ƙarafa suka iso da babbar mota. Shugabansu, wani ƙato mai wuya kamar turmi da ake kira Mai Ƙarafa, da mutum uku, da sarƙa, da wasu dogayen ƙarafa uku da ake kafawa a rataya sarƙar, da tukunyar gas ta yanka. Magaji ya buɗe musu ƙofa, waya manne a kunne. Sai ga Kawu tsaye a bayansu da hula a karkace da gwangwanin fenti a hammata. Bayansa Inna da kujerar roba. Bayanta Auta da katako da kwalbar ruwa da jakarta, fuska a ɗaure kamar an aiko ta dole, wanda kuwa haka ne.

"A'a, Kawu, ban kwana aka zo yi?" in ji Magaji.

"Yi wayarka."

Ba a yanka da wuta a ɗakin da takarda ta yi shekaru tana zuba, don haka sai an fitar da Tsohuwa waje. Suka kafa ƙarafansu, suka ɗaura mata sarƙa, suka fara ja. Ta yi wata ƙara kamar mai tashi daga dogon barci. Da ta ɗagu kamar taƙi ɗaya, Kawu, mutumin da ke cewa gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa in an ce ya ɗauko tsintsiya, ya zube ƙasa kamar ɗan shekara ashirin, ya fizgo ƙunshin, ya rungume.

"Yawwa. To, ku sauke ta."

Mai Ƙarafa ya dube shi. "Mu sauke wa, Baba?"

"Ita. Zan zana ta. A inda take, ba a bakin titi ba."

"Zane? Baba, mota ke jira. Kai, ku ja!"

Kawu ya miƙa wa Inna ƙunshin, ya dafa teburin Tsohuwa, ya haye ya zauna daram, ƙafafu na lilo. Inji ya karkata, sarƙa ta yi kuka, ƙarti suka yi ihu, Auta ta ƙwalla ƙara, wayar Magaji ta faɗi. Ba wanda ya ba da umarni, da kansu suka sauke ta a hankali kamar ƙwai.

"Tsoho, so kake ka ja mana ɗauri?" Mai Ƙarafa yana huci. "Sauko!"

"Shekara talatin da takwas ba ta kashe ni ba, ba yau za ta fara ba."

"To za mu fitar da ita da kai a kai."

"Sai ku bi ta kaina," in ji Inna. Ta riga ta dasa kujerarta a tsakiyar ƙofa, ta zauna, ta harɗe hannu. "Ni ban taɓa son ƙarfen nan ba, ɗana. Amma ni zan koma gida da tsohon nan, ba kai ba. In bai yi zanen nan ba, shekara goma zan yi ina jin labari."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya fashe da dariya, sauran suka bi. Mai Ƙarafa ya dubi Magaji, Magaji ya dubi silin. Ƙarshe ƙaton ya share gumi ya ce, "Zuwa ƙarfe biyu na rana. Ko ka gama ko ba ka gama ba."

Kawu ya sauko. Yana saukowa Tsohuwa ta yi ƙwas, ta karkata baya, tunda an zare mata abin da ta dogara a kai. Ya tsaya yana kallonta.

"Ba zan zana ta tana ɗingishi ba. Auta, takardar nan taki mai ƙyalli tana jaka?"

Fuskar Auta ta ɗan saki. Dama ta taho da ita ne ko zai sauko daga dokin naƙi. Ta miƙa masa da sauri. Ya auna kaurin ƙunshin da yatsunsa uku, ya gyaɗa kai, ya ce wa ƙarti su ɗan ɗaga. Ya cusa shi ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Tsohuwa ta zauna cif.

"Kin ga, 'yata, ba ki yi asara ba. Kowace takarda da aikinta."

"Inna, kin ga Baba ko?"

"Ni na aure shi, ke gani kawai kike yi."

Sai aka zo wurin da Kawu ke tsoro. Ya zauna a kan akwatin katako ya warware ledar, wadda ta riga ta zama kamar ɓawon albasa. Fallayen sama baƙi ƙirin da mai. Na ƙasa ruwan wanke daɓe ya ci su. Ya riƙa ɓarewa ɗaya ɗaya yana ajiyewa. Na biyar ya lasa ya tofar, baƙin mai zalla. Na tara ya yi fari, amma harshe ya manne, ya ja da ƙyar. Ba wanda ya yi dariya. Ƙartin nan huɗu sun zagaye shi, baki sake, kamar masu jiran sakamakon asibiti. Na goma, ya manne. Na sha ɗaya, ya manne. Inna ta kau da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Na sha huɗu ya kai baki. Ya rufe ido. Ya daɗe.

"Yaya?" in ji Mai Ƙarafa, da raɗa, shi da ke da mota tana jira.

"Tana da rai."

Sai dai ƙafar Tsohuwa ta bar shaidarta. A kusurwar ƙasa ta kowane falle akwai wani lotsattsen wuri mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu. Auta ta ce ai ta lalace. Kawu ya ce wannan sa hannun mai hoto ne, kuma ita ta riga shi sawa.

Ya maƙala fallen a katako ya shafe shi da ruwa. Kowa ya zuba ido a ga tudu da kwari. Takarda ta sha, ta yi lumui, ta kwanta shar kamar ba a taɓa ta ba. Kawu ya waiga ya yi wa Auta wani kallo da ya fi magana ciwo.

Ya haɗa shuɗi da ruwan ƙasa da ɗan ja.

"Baba, ai baƙa ce," in ji ɗaya daga cikin ƙartin.

"Duk wanda ya ce baƙa ce bai taɓa ganin ta da safe ba. Matsa, ka tare min taga."

Fenti ya riƙa tafiya a kan takardar nan yana tsayawa inda aka ce ya tsaya. Inda ya yi yawa ya ɗauke da gefen tsumma, ta ba shi ba gardama. Wuƙar kuwa bai sa mata komai ba, farin takardar ya bari, dogon layi miƙaƙƙe, sai ga shi tana ƙyalli har wani ya ja hannunsa baya. Masu ba da shawara suka yi yawa. Wannan ya ce an manta noti ɗaya, wancan ya ce hannun ja ya fi haka tsawo. Kawu ya ce duk wanda ya ƙara magana zai zana shi a ciki da kunnen jaki.

Matsalar fentin ruwa ita ce jira. Sai shafi ɗaya ya bushe ake ɗora wani, ɗakin kuma ba iska. Ƙarfe ɗaya ta wuce, rabin Tsohuwa ba ta da inuwa. Ba wanda ya san yadda aka yi, sai ga Mai Ƙarafa durƙushe da yankin kwali yana yi wa zane fifita, Kawu yana ce masa a hankali, ba wuta ake hurawa ba. Ƙarfe biyu ta yi, direba ya danna oda a waje. Mai Ƙarafa ya leƙa ta saman kan Inna ya daka masa tsawar da ta tashi tsuntsayen layin gaba ɗaya.

"Kai, ba ka ga ana aiki ba?"

Wajen uku da rabi Kawu ya ajiye burushi. Ruwan fentin da ya gangaro ya taru a lotsattsen wurin nan ya bushe, ya bar tambari mai duhu a kusurwa, daidai siffar ƙafarta. Ga Tsohuwa nan zaune da nauyinta, hasken taga a kafaɗarta, ƙafa huɗu a ƙasa. Ƙafar baya ta ɗan fi sauran kauri, noti ɗaya kuma da gaske an manta shi, amma ba wanda ya isa ya faɗa.

Magaji ya matso yana sosa ƙeya. "Kawu, da za ka ba ni in rataya a sabon kanti, don tunawa da Baba."

"Ka sayar da ita, kuma kana son hotonta? Ga ta can, ɗauka a waya. Minti ɗaya an gama."

Inna ta ɗauke kujerarta. Aka ja Tsohuwa waje. Auta ta ce su tafi gida, ba sai ya gani ba, ya ce ba inda za shi. Ya tsaya har aka kunna wuta, har yana nuna musu notin da za su kwance don kada su wahala. Da ƙarfen farko ya faɗi ya matsa ya duba bakin yankan, ya girgiza kai.

"Dubi yanka a karkace. Ita ba ta taɓa yi wa kowa haka ba."

Daga nan ya juya, ya ɗauki katakonsa, bai ƙara waiwaye ba.

Falle goma sha ɗaya ne suka rage masu rai. Suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, ko ƙura ba ta da izinin shiga. Sanarwar kantin gilashi tana nan, in ya bi ta layin har tsayawa yake ya duba ko ta kwaye. Zanen kuma yana jingine a kan kabad, ya hana a sa masa firam, wai firam zai rufe gefe.

Da yammacin wannan Asabar ɗin Inna ta same shi zaune yana bin gefen takardar da babban yatsa.

"Ashe dai matar nan mai zanen tsirrai ta san abin da take yi wa kuka," in ji ta.

"Takarda kam ta sani. Ban taɓa cewa ba ta sani ba."

"Ka ce. Shekara ashirin da huɗu kana cewa."

"Ba ki ji da kyau ba."

"To gefen fa?"

Kawu ya ɗaga zanen saitin taga, ya kanne ido ɗaya, ya bi gefen da kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Shekara ashirin da huɗu a ƙarƙashin ƙarfe, ko da faɗin gashi bai kauce ba. In tana da rai, ta zo ta ba ni haƙuri."